Ofishin da ke raka yara kotu a Gadarif: abin da na gani daga ciki

Tun da aka san ina aikin rakiyar yara zuwa kotu a nan Gadarif, a gabashin Sudan, mata ba su daina tare ni da tambaya ba, a gidan biki ko a layin ɗiban ruwa. Tambayoyin biyu ne kullum. Ta farko, shin ofishin lauyoyin nan wuri ne da uwa za ta kai ɗanta hankali kwance? Ta biyu, shin aikin sa-kan da muke yi a can ya kai mace ta bar girkinta da sana'arta saboda shi? Duka biyun amsata e ce. Sai dai akwai bayani mai tsawo a bayan wannan e ɗin, kuma gara in rubuta shi a wuri ɗaya, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ba zan kuma kwatanta layin da yake ba, saboda yaran da ke shige da fice a ƙofarsa. Duk wanda ke Gadarif kuma yake da buƙata, in ya tambayi malamar makaranta ko ungozomar unguwa za a nuna masa. Gidan haya ne, ɗaki biyu da rumfa a tsakar gida, da randa a gindin bishiyar dogonyaro. Lauyoyi uku ne, mata biyu da namiji ɗaya, sai bahisa guda, wadda aikinta shi ne bincika halin da gidan yaro yake ciki. Babbarsu muna ce mata Ustaza. Ba sa karɓar ko girshi daga hannun iyaye, kuma na sha ganin uwa ta ƙulle kuɗi a bakin mayafi ta miƙa, a mayar mata a ce ta saya wa yaron madara.

Mu 'yan sa-kai ba lauyoyi ba ne, kuma sharaɗi ne kada mu haɗa dangi da yaron ko da wanda ake tuhuma. Ana haɗa ki da yaro ɗaya, ki bi shi tun daga ranar da aka buɗe balagi, wato aka kai ƙara, wurin 'yan sanda, zuwa asibiti, zuwa niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, zuwa gaban alƙali. Ki je inda yake kwana, ki ga me yake ci, wa ke kula da shi, wa yake tsoro. Ki rubuta abin da idonki ya gani ki kai wa lauya. Ustaza ta gaya mana cewa a Amurka irin wannan aikin ya daɗe da kafuwa: wani alƙali mai suna David Soukup ne ya fara shi a birnin Siyatil a 1977, don ya ga yana yanke hukunci a kan rayuwar yara alhali babu wanda ya zo masa da cikakken labarinsu. A can alƙali ne da kansa ke naɗa ɗan sa-kai, ya kuma karanta rahotonsa. Mu a nan ba mu da wannan matsayi. Muna shiga ne a matsayin masu rakiya ko masu tafinta, da iznin Maulana, wato alƙali, rahotonmu kuma a hannun lauya yake tsayawa. Duk da haka tushen abu ɗaya ne: a sami babba guda wanda ba ya kare sunan gida, ba ya kare sunan ƙabila, yaron kawai yake kallo.

Horon da suke bayarwa shi ne abu na farko da zan yaba. Da la'asar ake zama a ƙarƙashin rumfa. Ni malamar makaranta ce, na yi shekaru ina koyar da yara, amma a wannan rumfar na fara jin dalla-dalla abin da dokar ƙasarmu ta tanadar musu. Sudan ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. A 2007 aka buɗe sashen 'yan sanda na kare iyali da yara a Hartum da tallafin UNICEF, daga baya aka kai shi jihohi. Sannan Dokar Yara ta 2010 ta zo ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ba a kuma ɗora wa wanda bai kai 12 ba alhakin laifi. Ta tanadi niyaba ta yara da kotun yara, ta sa hukuncin wanda ya yi wa yaro fyaɗe ya zama kisa ko ɗaurin shekara 20. A 2020 kuma aka mayar da kaciyar mata laifi mai ɗaurin da ya kai shekara uku. Mata da yawa a unguwanninmu ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa in abu ya faru sai su ɗauka ba su da inda za su kai kuka sai wurin Allah da mai unguwa.

Abin da ya fi doka amfani a wurina shi ne yadda suka koya mana magana da yaro. Kada ki sa masa magana a baki. Kada ki ce "wane ne ya taɓa ki, ko ba haka ba?" Ki ce "gaya mini abin da ya faru," ki yi shiru, ko da shirun zai yi tsawo. Kada ki yi masa alkawarin cewa za a ɗaure mutumin, don ba ke ce alƙali ba. Kada ki ba shi alewa ko kuɗi kafin ya ba da shaida, kada lauyan ɗaya ɓangaren ya ce saye aka yi. Kada ki ɗauki hotonsa, kada ki ba da labarinsa a WhatsApp ko da ba ki ambaci suna ba, domin a unguwa irin tamu kwatance kaɗan ya isa a gane gida. Wata da muka fara tare an sallame ta a kan wannan, kuma ina ganin daidai aka yi.

Akwai kuma darasin da nake roƙon kowace uwa ta riƙe, ko ba za ta taɓa taka ƙofar ofishin ba. In aka ci zarafin yarinya ko yaro, abin da zuciya ke fara ba uwa shi ne ta yi masa wanka, ta wanke tufafin, ta gasa shi da ruwan zafi. Kada a yi. A naɗe tufafin yadda suke, a tafi da wuri. Likita ne zai cike takardar da ake kira urnik 8, kuma ita ce ƙashin bayan shari'ar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ma sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Shari'o'i nawa ne suka raunana saboda an kwana uku ana shawara a cikin gida.

Inda horon ya gaza shi ne harshe. Komai da Larabcin littafi ake yi, takardun da ake rabawa ma haka. Mu da aka ɗauka musamman don mu yi wa yaran Hausawa tafinta, babu wanda ya zauna da mu ya nuna mana yadda ake tafinta a gaban alƙali. Mu muka riƙa haɗuwa a gidan ɗayarmu muna gwadawa, wata ta zama yarinya, wata ta zama Maulana. Na faɗa wa Ustaza wannan a gaban kowa, ta karɓa, amma har yau ba a sa shi cikin tsarin horon ba.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ce uwa ta kai ɗanta can hankali kwance. Ba iya tsara takarda ba ne, ko da yake sun iya. Yadda suke tsayawa ne idan maganar sulhu ta taso.

Bayan yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan, Madani ta faɗi a watan Disamba na 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika maƙil. Makarantu suka koma masauki, iyali da yawa a aji ɗaya, zane ne kawai ya raba su. Yarinyar da aka haɗa ni da ita a lokacin ba ta wuce shekara tara ba, sun taso daga wajen Sinja ita da mahaifiyarta da ƙannenta. Uwar tana fita tun asuba sayar da gyaɗa da tasali a tasha, yaran su wuni a masauki. Wanda ya cuce ta namu ne, Bahaushe, mai iyali, kuma yana da dattawa a bayansa. Ba a yi kwana biyu da buɗe balagi ba sai ga su sun zo wa uwar da dare, da sukari da buhun dawa. Washegari babbansu ya same ni a ƙofar gida.

Ya ce, "'Yata, ke mai ilimi ce. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki gaya wa lauyoyin nan su janye, mu gyara a gida. In maganar nan ta fita, wa zai auri yarinyar? Kuma me za a ce da Hausawa a garin nan?"

Na ce, "Baba, ba ni da ikon janyewa, kuma ko ina da shi ba zan yi ba. Amma ka zo ka ji daga bakin Ustaza."

Ba na raina tsoron dattijon nan. Wanda ya ga abin da ya sami mutanenmu a jihar Nilu Shuɗi a watan Yuli na 2022, da irin maganganun da aka riƙa jifan mu da su cewa mu baƙi ne a ƙasar da kakanninmu suka noma, ya san dalilin da ya sa dattijo ke jin tsoron duk abin da zai ɓata sunan Hausawa. Judiyya kuma, wato sulhun dattawa, ba abin zargi ba ce. Da ita ake kashe wutar rikicin manomi da makiyayi idan shanu suka shiga gonar riɗi, da ita ake sasanta bashi da gado da faɗan maƙwabta, kuma ta fi kotu sauri da rahama a waɗannan. Amma a zaman judiyya manya ne ke magana da manya. Ana auna mutuncin wannan gida da na wancan, a yanka diyya, a yi fatiha. Yarinyar tana bayan zane, babu mai tambayarta, kuma gobe za ta haɗu da mutumin a bakin famfo.

Abin da Ustaza ta yi shi ne ya sa na ƙara sakankancewa da wurin. Ba ta zagi dattawan ba, ba ta yi musu barazana da 'yan sanda ba. Ta gayyace su, aka shimfiɗa tabarma, aka dafa jabana, wato gahawa. Ta saurare su har suka gama. Sannan ta bayyana musu cewa irin wannan laifi ba na uwa ko uba kaɗai ba ne da za su yafe, akwai haƙƙin al'umma a cikinsa, kuma a masaukin nan akwai wasu 'yan mata ƙanana da yawa da iyayensu ke fita nema. Ta tabbatar musu zaman kotun yara a rufe ake yi, ba za a ji sunan yarinyar a kasuwa ba. Ta kuma roƙe su abin da su kaɗai za su iya: su hana matan masaukin yi wa uwar gori, su samar mata ɗaki a wani wuri. Ba duka suka gamsu ba. Biyu sun tashi ba sallama. Amma babban nasu, wanda ya tare ni a ƙofar gida, shi ya samo ɗakin a gidan ƙanwarsa, aka kuma mayar da buhun dawar inda ya fito.

Ranar shaida na zauna kusa da yarinyar. Tana jin Larabci sarai, da shi take ciniki in ta taya uwarta talla. Amma da aka fara tambaya sai Larabcin ya ɗauke mata gaba ɗaya, ta koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙafafunta. Na sha ganin haka ga yaranmu idan tsoro ya kama su. Ƙa'idar da lauya ta kafa mini ita ce in faɗi abin da ta faɗa daidai, kada in gyara, kada in taƙaita, kada in sakaya inda ta fito fili don kunya ta kama ni. Wannan ya fi komai wuya ga mace da aka yi wa tarbiyyar Hausa, ta furta irin waɗannan kalamai a gaban maza. Na furta. Maulana ya yi haƙuri da mu, ya ba da hutu sau da yawa, ya sa aka kawo mata ruwa, bai kuma bari a yi mata tsawa ba. An yanke wa mutumin hukuncin ɗauri. Da babu mai tafinta a ɗakin nan, da abin da za a rubuta shi ne yarinya ta kasa magana.

Ba duk shari'a ce ta fyaɗe ba. Da yawa sakaci ne da duka. An taɓa kawo wani yaro daga wata halwa, wato makarantar allo, da tabon mari a idon sawunsa, ƙafa ta kumbura. Ni ma allo na fara riƙewa kafin littafin boko, kuma na san malamai masu tsoron Allah da suka fi iyaye tausayin almajiransu. Amma binciken da sashen Larabci na BBC ya fitar a 2020 ya nuna wa duniya yara ɗaure da sarƙa a wasu halwowin ƙasar nan, kuma mu da ke cikin gari mun san ba ƙarya ba ne. Bahisa ta bi sawun mahaifin yaron har gonakin da ke wajen iyakar Habasha inda yake aikin ƙwadago. Bai san halin da ɗansa ke ciki ba. Ya zo ya tafi da shi yana hawaye.

Ga inda nake da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Da zarar alƙali ya yanke hukunci, ofishin ya rufe fayil. Alhali a ganina daga ranar ne yaro ya fi buƙatar wani a kusa. Dangin wanda aka ɗaure suna nan, gorin yana nan, firgitar dare tana nan. Babu wani tsari na komawa a duba yaro bayan wata uku ko shida. Wasunmu muna zuwa don kanmu, amma abin da aka bari ga zuciyar mutum ɗaya yakan tsaya ranar da ta yi rashin lafiya ko ta yi ƙaura. Na san hannu bai kai ba, lauyoyi uku ne a garin da mutanensa suka ninku. Duk da haka ko littafi guda da za a rubuta sunan mai komawa da ranar komawa zai rage ɓarna.

Na biyu, kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, daga aljihunmu yake fita. Zaman kotu yakan ɗagu, ko don mai shaida ya koma Madani ko Sinja bayan hanya ta buɗe, ko don wata takarda ba ta iso ba, kuma kowace ɗagawa zuwa ce da dawowa, ke da yaron da uwarsa. Wannan ya sa matan da suka fi dacewa da aikin, masu haƙuri da sanin unguwa, su ne suka fi saurin barinsa, don ba su da hali. Wayar ofishin ma a kashe take da dare, alhali da dare ake yawan neman ta. Kafin yaƙi mutane sun san lambar 9696 ta taimakon yara. Yanzu abin da uwa ta fi dogara da shi shi ne lambar 'yar sa-kan da ta sani, shi ya sa tawa ba ta mutuwa.

Na uku ya fi ƙarfin ofishin, amma sai na faɗa. Idan mai cutar da yaro a cikin gidan yake, ina za a kai yaron a daren nan? Sau da yawa amsar ita ce gidan wata gwaggo da ba a bincika ba, ko gidan ɗayarmu. Wanda ya bi labarin gidan marayu na Maigoma a Hartum, inda jarirai gommai suka mutu a makonnin farko na yaƙin kafin Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Madani a watan Yuni na 2023, sannan aka sake kwashe su da yaƙi ya iso can, ya san yadda wuraren ajiye yara suka yi ƙaranci a ƙasar nan. Akwai kuma auren ƙananan yara. Dokar iyali ta 1991 ta bar ƙofar aurar da 'yar shekara 10 da iznin alƙali, ga kuma Dokar Yara tana cewa yarinya ce har 18. Idan irin wannan ta zo, lauyoyin lallashi kawai suke iyawa, wani lokaci a dace, wani lokaci a ji an ɗaura. Waɗannan su ne ranakun da nake komawa gida in kasa cin abinci.

Su kansu 'yan sa-kai babu mai tambayar yadda suke kwana. Abin da kunne ke ji a wannan aiki yana zama a ƙirji, kuma amana ta hana ki faɗa wa miji ko 'yar'uwa. Mun roƙi a riƙa ware mana zama ko sau ɗaya a wata tare da bahisa. An yi na ɗan lokaci, aiki ya yi yawa, aka bari. Ina fatan a dawo da shi.

Ga wadda ke son shiga, ki auna kanki da gaskiya. Sai kin iya riƙe sirri ko da a gaban mahaifiyarki. Sai kin iya jure dattijon da kike girmamawa ya daina amsa gaisuwarki na wani lokaci. Sai mijinki ko waliyyinki ya san aikin ya kuma yarda, don za a kira ki a lokacin da bai dace ba. Suna neman mai jin Larabci da Hausa sosai, da lambar ɗan ƙasa, da mutum biyu a unguwa da za su shaidi halinki, kuma suna zuwa su tambaya da kansu. Ba sa haɗa sabuwa da yaro sai ta bi wata tsohuwar hannu ta ga yadda ake yi.

Wanda aka fi nema yanzu maza ne. Yaro namiji ɗan shekara 12 ko 13 da aka ci wa zarafi ba ya buɗe baki a gaban mace sa'ar uwarsa, kuma a cikinmu mazan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Malaman makaranta da limamai da matasan da suka gama jami'a suke zaune, ku ake jira. Ana kuma buƙatar masu jin Fulatanci da Barbarci, don yaran da ake kawowa daga ƙauyukan noma ba duka ne Hausa ta wadace su ba.